Hantar Saniyar Baffa

Ni fa ban ce zan je ba. Ina zaune tasha a Kaura ina cin rake, Yaya ya zo ya haye bayan babur ɗina, wai mu tahi Jangeru. Shi likitan dabbobi ne, ni kuma direbansa na dole.

Mun iske an riga an yanka saniyar Baffa, wan mahaifinmu, can rugarsa. An aje hantar cikin ƙwarya, duk ƙulalai farare. Ko ƙuda bai sauka kanta ba. Karnukan rugar ma sun koma nesa suna kallo.

Yaya ya ce ciwon daji ne. Ya ce inda ya yi karatu ana gwada wani aiki kan zomaye. Ana zura siririn tiyo ta jijiyar cinya har hanta, a saki wata ƙwayar cuta mai cin dajin, sannan a toshe hanyar jinin da ke ciyar da shi.

Na ce, "Wato a tura mai ɗan ta'adda, a rufe ƙofa? Yaya, wannan bokon naku dai."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya miƙe a hankali, ya kamo wani tsohon sa, ya nuna mana tabo bisa hancinsa. Ya ce haka iyayensu ke yi in ciwon huhu ya shigo garke, su tsaga hancin mai lafiya su cusa guntun huhun wadda ta mutu.

Sai lokacin na dube shi da kyau. Idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya taso ƙarƙashin riga, wuyansa ya zama kara. Hannunsa na dafe da haƙarƙarin dama.

Ya dubi Yaya ya ce, "Ɗana, zomon ya tashi?"

"Wasu sun daɗe, Baffa."

"To ka yi mini."

Yaya ya rikice. Ya ce gwaji ne, ba a gama ba, babu kayan aikin a nan, gobe za mu kai shi asibiti Gusau. Baffa ya ce an kai shi, sun ba shi ƙwaya sun ce ya koma gida. Suka yi ta ja.

Yaya ya ce, "Baffa, ni likitan dabbobi ne. Ba ni da ikon taɓa mutum."

Baffa ya duƙa ya rufe ƙwaryar da faifai.

"Tun ina yaro 'yan birni ke ce mini dabba. Sai yau da nike da bukata za ka ce ni mutum ne?"