Sandar Tsatsa ta Efo Dzikunu

Kullum da hantsi, kafin masunta su gama jan koma, Efo Dzikunu yakan taka zuwa bakin tekun Keta ya duba wata sanda da ya kafa. Jikinta duk ƙusoshi ne da guntayen kwanon rufi, kowanne da ranar da aka rataye shi. Ya shafa, ya kankare da farce, ya girgiza kai. Shekara talatin da takwas yana rufin gidaje a garin nan, bai taɓa buga ƙusar da ba ta yi damina biyu a sandar ba. Iskar gishiri ba ta da kunya, in ji shi.

An sha yi masa dariya. Daavi Yawa mai ƙyafe kifi takan ce, "Efo, shanyar taka ba ta bushe ba har yanzu? Ko miya za ka yi da tsatsar?"

Da za a yi wa ɗakin haihuwa na unguwarmu rufi, dattawa suka kawo ƙusar jan ƙarfe, wai ba ta tsatsa. Efo ya ciro musu guntun kwano mai irin wannan ƙusar daga sandar. Ƙusar garau, amma kwanon da ke kewaye da ita ya cinye, har yatsa na shiga. Ya ce, "Ita ba ta mutuwa, maƙwabcinta take kashewa." Suka fasa, suka bar masa zaɓin ƙusa.

Bara da tsakar rana guguwa ta yaye rufin layinmu kamar ana ɓare ayaba. A lokacin 'yar Daavi Yawa tana naƙuda a ɗakin nan, ko ɗigo bai sauka a kanta ba. Kai ne ka tsare ta, Efo, tun shekara tara kafin ranar.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Efo ya tsufa, watan nan zai ajiye guduma, kuma babu wanda ya ce zai gaji sandar. Wallahi in hadari ya haɗo, sai in ɗaga kai in dubi rufina.

Jiya na tarar da shi yana ɗaura sabon kwano, wanda sai bayan shekara biyar za a san halinsa. Daavi Yawa ta tambaya, ba da tsokana ba wannan karon, "Efo, za ka kai?"

"Ban sani ba, ƙanwata. Iskar dai za ta kai. A samu mai zuwa dubawa."

Mun gode, Efo, sannu da aiki. Ku kuma masu rufi na Keta, sandar tana nan bayan rumfar kifi, ba a kulle take ba. Wa zai je gobe da hantsi?