Jawabin Baba Dung a Bikin Rabi

Yaran da nake koya wa aikin emsi, wato mai gabatar da baƙi da masu jawabi a wurin biki, sukan tambaye ni minti nawa ya kamata a ba mai magana. Duk lokacin da suka tambaya, bikin Rabi a unguwar Dilimi ne yake faɗo min a rai.

A lokacin ƙa'idarmu ita ce waliyyi da manyan dangi minti biyar, abokan arziki minti biyu. Idan mutum ya zarce, sai ka matso kusa da shi kana murmushi, ka fara tafi, jama'a su taya ka, ka karɓe makirufo cikin ladabi. Na ƙware a wannan.

Rabi marainiya ce. Mahaifinta, Malam Sale, takalma yake sayarwa a kasuwar Terminus, shagonsa na jikin na wani ɗan ƙabilar Birom, Baba Dung. Mahaifiyarta ce ta ce lallai a sa Baba Dung cikin masu magana. Alhaji Nasiru, yayan ango, wanda ya ɗauke ni aikin, bai so ba.

"Ka ga damina ce, baƙinmu kuma Bauchi za su koma," in ji shi. "Minti biyu, kada ka ƙara masa."

Ana gobe biki na je na sami tsohon. Ya fara min labari tun daga ranar da suka haɗu da Sale, har shayina ya huce bai kai rabi ba. Na ce, "Baba, ka zaɓi abu ɗaya da kake so Rabi ta tafi da shi gidan miji."

Ya ce, "To, oga. Zan gwada."

Ranar walima hadari ya haɗu ta gabas. Baba Dung ya miƙe da babbar rigar da ya aro, ya ce washegarin gobarar da ta cinye kasuwarsu yana zaune gaban tokar shagonsa sai ga Sale ɗauke da tebur a ka. "Ya ce min, Dung, wannan kaɗai ya rage. Kai ka ɗauki rabi, ni rabi. Haka muka kasa kaya a bakin titi, yarinyar nan tana barci a ƙarƙashi."

Daga nan muryarsa ta maƙale. Ya tsaya riƙe da makirufo, ba ya cewa komai. Alhaji Nasiru ya nuna min agogo. Na fara matsawa, har na ɗaga hannu zan yi tafi, sai na dubi amarya. Ta ɗan janye mayafinta, ta zuba wa tsohon ido kamar babu kowa a rumfar. Na sauke hannuna.

Can ya ce, "Rabi, babanki mutum ne. Shi ke nan." Ya zauna.

Ruwa ya sauko kafin a gama raba abinci, 'yan Bauchi suka tafi a jiƙe. Alhaji Nasiru bai sake kirana aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma nauyin baƙi ne a kansa.

Baba Dung ya rasu, yanzu kuma diije, wato mai sa waƙoƙi a na'ura, shi ke katse mutum da kiɗa. Ni dai abin da nake gaya wa yarana shi ne, su ba kowa mintinsa tun a gida, amma kafin su karɓe makirufo su fara duba fuskar wadda ake maganar dominta.