Tukkun Alhaji Ajuji

Har gobe ban manta da wata Laraba cikin watan Sha'aban ba, ina shekara ta uku da fara aski a wani shago a unguwar Misfala, a Makka. Ku yaran yanzu masu inji, ku buɗe kunne, shehin malamin reza ne ke magana, ko da yake karatuna a izu biyu ya ci birki.

Ga wanda bai sani ba, mai umra ba ya kwance harami sai an taɓa gashinsa, ko a aske tas ko a saisaye. Ƙa'idar shago ita ce ka tambaye shi wanne yake so, ka sa sabuwar reza a gabansa, ka fara daga dama. Ranar nan layi har titi. Mu'allim, wato mai shagon, jikan Kanawa haifaffen unguwar Mansur ta Makka, yana ta yi mini "Yalla ya Ammi, da sauri!" Sai na tsallake tambayar.

Wani dattijo mutumin Maraɗi ya zauna, sunansa Ajuji. A ƙeyarsa akwai ɗan tukku fari, siriri kamar wutsiyar ɓera. Na yi bisimilla, shuu, sai ga tukkun a ƙasa.

Ya shafa wurin. "Wanzam, ina tukkuna?"

"Ya riga ka sauka daga harami, Alhaji."

Bai yi dariya ba. Ashe ɗan wabi ne: 'ya'ya biyar uwarsa ta binne kafin shi. Ita ta bar masa tukkun, ta ce kada reza ta taɓa shi. Shekara sittin yana ɓoye a hula. Saisaye ya zo nema.

Na ce, "Alhaji, in mutuwa ce, ai a nan Makka roƙonta ake."

"Ba mutuwa nake tsoro ba. Abin da hannun Inna ya taɓa, shi kaɗai ya rage mini."

Mu'allim ya haɗiye yallarsa. Na durƙusa cikin gashin Turkawa da na 'yan Indonesiya ina tono har na samo tukkun. Na wanke, na miƙa masa da hannu biyu. Ya ƙulle shi a gefen haraminsa, ya share ido, ya ce, "To, ƙarasa askin."

Tun ranar na gane kowane kai da abin da ya ɗauko daga gida, reza kuwa yankewa kawai ta iya. Shi ya sa ko mai sanƙo ne, gashi uku, sai na tambaya: "Alhaji, a cikinsu akwai na ajiya?"