Jan Biro a Kan Wayar Fulogi

Akwai ranar da ko na tsufa na ajiye sifana ba za ta fita daga raina ba, ranar da aka kira ni unguwar Kabara in je in amsa laifin motar Malam Inuwa. Na haura shekara ashirin ina bakanikanci a wannan garejin namu na Ƙofar Na'isa, na buɗe injinan da suka fi nata girma da rikici, amma babu wanda ya sa ni gumi kamar nata. Ku yaran gareji da kuka zo daga baya kuna yi mini dariya idan kun ga ina yi wa mai mota tambayoyi kafin in ɗaga bonet. To, a wannan ranar na koyo.

Malam Inuwa shi ne hedimastanmu a firamare, kuma shi ya koyar da mu lissafi a aji uku. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Takalman ɗalibai ma a ƙofar aji sai an jera su daga ƙarami zuwa babba. Abu biyu ne ba ya yafewa, ƙarya da mummunan rubutu, kuma ni na sha bulala a kan na biyun. Da ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar mota mai silinda huɗu, irin ta da mai kafireto, wato abin da yake haɗa wa inji fetur da iska, ya damƙa mini kula da ita. Duk sanda ya kawo ta sai ya ce wa mutanen gareji, “Wannan ɗalibina ne,” kamar shi ya koya mini kwance inji.

Wata Asabar, bayan ƙaramar Sallah da kamar sati biyu, ya kawo ta sabis. Na juye mata baƙin mai, na canza filta, na sa sababbin fulogi huɗu, na daidaita silo. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, silo shi ne gunjin nan da inji yake yi a hankali idan mota tana tsaye ba a taka totur ba. A nan ake gane lafiyar inji. Motar Malam ta bar hannuna tana silo lumui, ko kofin shayi ka ɗora a kan bonet ba zai zube ba. Wayoyin fulogi kuwa na duba su na ga da sauran ƙwarinsu, na bar su.

Bayan kwana biyar maiɗakina ta dawo daga wani gidan suna a Yakasai fuska a ɗaure. Ta ce, “Wai kai ka kashe motar Malam Inuwa? A gabana ake zancen, ba su san ni ce matarka ba.”

Na ce wace irin kashewa? Ta ce wai motar rawa take yi kamar mai zazzaɓi, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, har ta mace masa a tsakiyar titi 'yan adaidaita suka yi masa ca da ham. Kuma wai ana cewa ni Sabo na fara sa wa mutane tsofaffin kaya ina cewa sababbi ne.

Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Kun san cikin gari, bakanike ba shi da allon talla sai bakin mutane. Rabin masu kawo mini mota daga majalisar ƙofar gidan Malam suke, ko 'ya'yansu, ko surukansu. A satin nan motoci uku da aka yi mini alƙawari babu wadda aka kawo, ɗaya ma da idona na gan ta ta wuce ta gaban garejin nan, mai ita ya kau da kai kamar yana duba madubi. Sunan da na yi shekara ashirin ina ginawa shi ne yake zubewa, kuma ban san dalili ba.

Ranar Laraba Malam ya kira ni a waya. Magana ɗaya ya yi: “Sabo, ka zo bayan la'asar.” Da irin muryar nan ta kiran ɗalibi ofis.

Na ɗauki akwatin kayan aiki na hau babur. Ina shiga lungun na tarar da majalisa ta cika ta batse, har da waɗanda ba 'yan majalisar ba. Ga mota a tsakiya an buɗe mata bonet kamar mara lafiyar da aka zo dubawa. Mai jan zaman shi ne Alhaji Bala, ɗan kasuwar atamfa ne, bai taɓa riƙe sifana ba a rayuwarsa amma ya taɓa mallakar motoci huɗu, don haka a wajen majalisa shi ne injiniya.

Bayan gaisuwa shi ya fara ba ni rahoton aikin da kwamiti ya gudanar. Sun ce gurɓataccen fetur ne, suka tsiyaye tanki suka zuba sabo, ba ta daina ba. Wani ya ce batir ne, aka aro na maƙwabci, ba ta daina ba. Wani ya murɗa sukurun silo har ƙarshe, sai ta koma ihu kafin ta mutu. Liman ya yi mata tofi, shi kaɗai ne bai ƙara mata ciwo ba.

Alhaji Bala ya ce, “Mun bincika komai, saura aikinka. Dubi nan, har lamba ka manna wa wayoyi don kada ka manta inda suke. Mai shekara ashirin a sana'a yana manna lamba kamar ɗan koyo.”

Aka yi dariya. Na ce a ba ta wuta.

Ƙa'idar wannan matsalar, ku riƙe ta, ba a farawa da kwance kafireto. Kunne ake fara sawa. Motar ta tashi da ƙyar, injin yana tsalle a mazauninsa, salansa tana tari tana harbi, ga warin ɗanyen fetur. Wannan ya gaya mini akwai silindar da ba ta ƙona mai. Sai kuma na ji wani siririn huci daga bayan kafireto. Na bi shi da hannu na samu wani ƙaramin tiyo na iska a zare yana lilo. Inji yana zuƙar iskar da ba a auna masa ba, dole silo ya lalace. Na mayar da shi. Hucin ya tsaya, amma rawar tana nan.

Sai na koma kan wayoyin fulogi. Abu na farko, sababbi ne fil, ba waɗanda na bari ba. Abu na biyu, kowace an naɗa mata 'yar farar takarda da salatif, an rubuta lamba da jan biro. Na sunkuya na duba ta huɗun.

Na san wannan huɗun. Huɗu ce mai rufaffen kai, ƙafarta a miƙe kamar an ja da rula, da ɗan lanƙwasa a ƙasa. A aji uku sau ɗari aka sa na rubuta irinta a allo saboda tawa bakinta a buɗe yake. Duk Kano mutum ɗaya ne yake rubuta ta haka, kuma yana tsaye a bayana ya harɗe hannu.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ko za ku ɗan matso in nuna muku wani abu?”

Ya matso. Muka zura kawunanmu ƙarƙashin bonet mu biyu, majalisa ba ta jin mu. Na sa yatsa a kan takardar, na yi ƙasa da murya na ce, “Malam, wannan huɗun na san ta.”

Ya ƙura wa takardar ido. Can ya ce, shi ma a hankali, “A waya na ga wani yana cewa in an canza fulogi a canza har da wayoyinsu. Na ga ba wani abu ba ne, waya huɗu ce. Na sayo, na cire tsofaffin gaba ɗaya.”

Na ce, “Gaba ɗaya, Malam?”

Ya ce, “To da ɗaya-ɗaya zan cire? Na jera sababbin ɗaya, biyu, uku, huɗu, yadda lissafi yake. Ta ƙi tashi sam. Na sauya biyu daga ciki, ta tashi, amma ga yadda ta tashi.”

Na yi masa bayani cewa inji ba ya ba da wuta a jere. A kan distiributa, wato abin da yake raba wa fulogi wuta, tsarin wannan motar shi ne ɗaya, uku, huɗu, biyu. Shi kuma ya bar su a ɗaya, biyu, huɗu, uku. Ke nan silinda biyu ne suke aiki, biyun suna samun wuta a lokacin da ba nasu ba. Tiyon kuwa ina kyautata zaton hannun babbar rigarsa ne ya fizge shi.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Uku ta zo kafin biyu?” Na ce haka aka ƙera ta. Ya girgiza kai kamar an nuna masa takardar jarrabawar daƙiƙi.

Sannan ya ce abin da ya sa na ji tausayinsa. “Ni ban ce kai ka ɓata ba. Bala ne ya tambaye ni wa ya yi mata sabis, na ce kai ne. Sauran su suka ƙarasa.” Na ce na sani, Malam. Ban ce masa ai shirun da ya yi ne ya ƙarasa ba, ba a gaya wa hedimasta haka.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Na sauya waya ta biyu da ta uku, na mayar da sukurun silo inda yake kafin kwamiti ya taɓa shi. Ina yi ina ɓare takardun nan ɗaya bayan ɗaya ina dunƙulewa a tafin hannuna. Na ce a ba ta wuta. Ta tashi bugu ɗaya, ta kwanta tana silo lumui. Na bar ta minti biyar, na kunna fitilu, na taka birki, na saki totur sau uku, ba ta ko girgiza ba.

Alhaji Bala bai ji daɗi ba, don shi shari'a ya zo yi ba gyara ba. Ya gyara zama ya ce, “To madalla. Amma a gaya mana, laifin wa? Tunda mu ma da motocinmu, ya kamata mu san inda za mu riƙa kaiwa.”

Nan ne gumin ya karyo mini. Ga takardu a hannuna, da na buɗe tafina shi ke nan, don rabin mutanen wajen sun san jan biron Malam, wasu a kan takardunsu ya ƙare. Sunana zai wanku a take. Amma dattijo ne mai shekara saba'in da wani abu, a ƙofar gidansa, jikokinsa suna leƙe ta zaure. In kuma na yi shiru, gobe duk Kabara da Yakasai za a ce Sabo ya zo ya gyara ɓarnarsa. Na dubi Malam, ya zuba wa taya ido.

Na ce, “Alhaji, ba laifin kowa ba ne. Wayoyin ne suka tsufa suka saki, ni kuma ban lura ba ranar sabis.”

Alhaji Bala ya buɗe baki zai ce ai ya faɗa, sai muryar Malam, irin ta taron safiya a makaranta, ta katse shi.

“Ƙarya yake yi.”

Kowa ya juya. Malam ya nuna ni da yatsa. “Wayoyin nan sababbi ne, ni na sayo su, ni na sa su da hannuna, ni na rikita su. Yaron nan aikinsa daidai ya yi. Kai kuma Sabo, shekara shida kana hannuna, yaushe na koya maka ƙarya? Buɗe hannunka.”

Na buɗe. Ga takardu huɗu a cukuikuye da jan biro. Ni da 'ya'yana biyar da furfura a gemu, na tsaya ana yi mini faɗa a gaban jama'a a kan ƙaryar da na yi don in rufa wa mai faɗan asiri. Kuma wallahi daɗi nake ji, har idona ya kawo ruwa.

Bai tsaya nan ba. Ya juya ga majalisa ya ce amma fa a sani, waɗanda suka ƙera motar nan ba su iya ƙidaya ba, da a ajinsa suke da sun maimaita shekara. Alhaji Bala ya ce shi dama tun farko ya yi zargin wayoyin. Liman ya ce alhamdu lillahi tofi ya yi aiki. Washegari kafin in buɗe gareji na tarar da motoci biyu daga cikin ukun nan suna jirana, masu su suna gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

Shi ya sa kuke ji ba na tambayar mai mota “Ka taɓa ta?” Babu namijin da zai ce e. Cewa nake, “Da kuka duba ta a gida, me da me kuka gani?” Sai ka ji ya zayyano maka duk ɓarnar da ya yi yana alfahari. Idan mota ta fara rawa tana mutuwa bayan an yi mata aikin gida, ka bi sawun hannun da ya taɓa ta na ƙarshe: tiyon da aka zare, soket ɗin da ba a mayar ba, wayar da aka sauya wa gurbi. Idan ka gano, ka kira mai ita ƙarƙashin bonet ku biyu, kada ka gaya masa a gaban mutane. Yawancinsu ba mugunta ce take sa su yin shiru ba, kunya ce.

Malam ya ci gaba da kawo mini motar har Allah ya yi masa rasuwa, bai sake taɓa ko murfin baƙin mai ba. Takardun nan uku na zubar. Ta huɗun ita ce wadda kuke gani a manne a cikin murfin akwatin sifanuna, da kuke tambayata ko lambar sa'a ce.