Kwalbar da na ɓoye a cikin garin kuka

Shekarun baya, lokacin da ciwon daji ya kwantar da maigidana, Allah ya jiƙansa, muna zaune a gidan 'yarmu a garin Bowie, can ƙasar waje. Ita ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban yi karatu ba. Idan na yi kuka sai ta jira ni.

Malam ya daina cin abinci. Ciwo ya hana shi sakat, ko kunu sai ya kau da kai. Likitarsa ta ba da shawara a gwada wani mai, ana ɗiga masa a ƙarƙashin harshe. Da na tambayi man mene ne, 'yata ta yi ta kame-kame, daga baya ta ce na ganyen wiwi ne, kuma da barasa ake tatso shi.

Wiwi da barasa, a bakin mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba! Da aka kawo man, na ɗauke kwalbar na tura cikin robar garin kuka. Kwana uku ana nema, har da ni a masu ɗaga kujeru.

Akwai maƙwabciyarmu 'yar Jos, Kirista, aikinta gwada magunguna. Ta shigo duba Malam, ta kalle ni sau ɗaya ta ja ni kicin.

"Mama, an ce ke gwanar man gyaɗa ce a gida."

Na ce shekara talatin ina yi.

"To, in kin niƙo gyaɗa, me ke sa man ya fito?"

Na ce ruwan zafi mana, kaɗan-kaɗan ana juyawa.

"Ashe ruwa kike sayar wa mutane?"

Na ce ke, kiyaye ni! Soya shi nake yi har ruwan ya ƙone, sai mai zalla.

Ta yi dariya. "Haka barasar nan take. Ta jawo maganin daga ganyen, sai a kore ta da na'ura, a kawo wa irinmu mu auna kafin a sayar. Ba aikin gida ba ne, masu gwadawa a gida har gobara suke tayarwa."

Na gane, amma zuciyata ba ta kwanta ba sai da surukina ya buga wa liman waya na ji da kunnena. Ya ce lalura ce, tunda likita ta ce, a ba shi.

Na tono kwalbar, duk ta yi kore. Malam ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, dama na san ke ce ɓarauniyar."

Bayan kwana biyu da fara ɗiga masa, ya ce a tuƙa masa tuwo. Loma huɗu ya yi, ya ce gishiri bai ji ba. Ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin na ranar ba.

Man bai warkar da shi ba, kuma ba wanda ya ce zai warkar. Kafin shekara ta zagayo ya rasu. Amma ya samu sauƙin da ya yi salla a zaune, ya yi hira da jikokinsa.

Kwana ukun nan har yau suna damuna. Na roƙe shi gafara, ya ce ai tsoron Allah ne ya sa ni. Na gode wa Allah da ya turo yarinyar nan, ba ta ce mini jahila ba, da sana'ata ta yi mini magana.

Kwalbar tana nan, ba komai a ciki. Na mayar da ita cikin kukar. Duk ranar da zan kaɗa miya sai hannuna ya taɓa ta, in yi masa addu'a.