Wuyan Rigar Maigida

Shekarunta za su kai arba'in, 'ya'yanta huɗu, tela ce a layin maɗinka na cikin kasuwa. Tana zaune a bayan kekenta, ta jawo mayafi ya rufe rabin fuskarta. Idonta na hagu ya kumbura ya rufe ruf, na daman take ƙanƙancewa tana neman kafar allura. Zaren yana bi ta gefe. Ta lashi bakinsa, ta sake gwadawa, ya sake zamewa.

"Maman yara, bari in zura miki," in ji telan da ke kusa da ita. Ya sunkuyo ya zura, bai dubi fuskarta ba. "Ke da maigida ne kuma? Ai ke ma bakinki ba ya mutuwa." Ya yi dariya, mai guga ya taya shi.

Da idanun nan take ci da yaran, kuma tun dukan bara na daman yake gani dishi-dishi.

Abin da ke kan keken rigar mijinta ce, wuyan ya yage har ƙirji. Ita ta yaga, lokacin da ta riƙe shi don kada ta faɗi. Da aka zauna sulhu, a kan rigar aka tsaya. Kawunta ya ɗaga rigar ya nuna wa kowa. "Mace ta ci kwalar mijinta? Ki gyara masa, ki ba shi haƙuri." Ba wanda ya tambayi ido.

Ta daidaita bakin yagewar, ta taka keke. Ɗinkin ya karkace. Ta ɗauki reza ta farke shi, ta faro daga farko.