Barcin Barewa

Jama'a, ina jin yau na yi ƙaryar da ta fi ƙarfina.

Na kai Hadiza, ƙaramar ɗiyar yayata, kallon namun daji a wani lambu bakin hanyar Malbaza. Muka iske barewa ta mutu. Ta ce, "Kawu, mi ya same ta?" Gudun kada ta firgita, na ce barci take.

Sai ga mai gadi ya ɗaura wa barewar igiya yana ja. Hadiza ta fasa kuka: "Baba, barci take!" Ya ce, "In ji wa?" Ta nuna ni. Kowa ya juyo.

Yanzu ta ƙi barcin rana, wai kada a ja ta da igiya. Yaya ta ce, "Mai ilimi, zo ka gyara." Har yanzu ina tsaye ƙofar ɗaki.